Kunkurun bayan rumbu

Ina cikin shekarata ta biyu da kama aikin malamin dabbobi a Birnin Kebbi aka kira ni wani gida a Ambursa domin in duba tumakin da ƙaiƙayi ya dama. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba a hango itatuwan bakin hanya sosai. Na yi wa tumakin allura, na rubuta ranar da zan dawo, ina cikin wanke hannu sai wani jikan gidan, yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Malam, kunkurunmu ma ya daina cin abinci.” Na bi shi ne kawai don kada in gwale shi, domin a lokacin ban lissafa kunkuru cikin dabbobin da aikina ya shafa ba.

A wani lungu tsakanin rumbu da katanga na same shi, wurin da rana ba ta leƙawa ko da tsakar rana, kuma nan ne ruwan wanke-wanke yake gangarowa ya kwanta. An huda gefen ƙoƙonsa ta baya, an zura waya an ɗaure shi a jikin turke, kuma wayar ta ci hujin har ya faɗaɗa, ta kuma goge masa ƙafar baya ta yi rauni. Idanunsa sun faɗa ciki, fatar wuyansa ta yi yaushi kamar tsohuwar jakar fata, kaska sun cika masa hammata da gindin wutsiya, wasu sun ƙoshi sun yi girman ƙwayar wake. A gabansa akwai kwano da ƙanzon tuwo wanda ya bushe ya tsattsage. Da na ɗaga shi bai janye kansa cikin ƙoƙo ba, ƙafafunsa suka saki suna reto, kuma na ji bai yi nauyin da ya dace da girmansa ba.

Uwargidan, wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, ta ba ni tarihinsa. Marigayi maigidanta ne ya zo da shi daga wajen Dosso a Jamhuriyar Nijar kimanin shekara ashirin da suka wuce, yana ɗan ƙarami kamar ƙoƙon shan fura, kuma shi ne yake yanko masa ciyawa da kansa. Bayan rasuwar maigidan sai kunkurun ya zama na kowa, wanda a gidan yawa ma’anarsa ba shi da mai kula. Wata damina ya haƙa rami a gindin katanga har ta tsage, shi ne samarin gidan suka huda shi suka ɗaure.

Ganin kaskar nan, hannuna ya riga tunanina. Kwalbar ibamektin da na gama yi wa tumaki tana cikin jakata, kuma wannan allura ita ce abin da muke kamawa kullum idan an ce kaska ko ƙazuwa ko tsutsar ciki, a jikin shanu da tumaki da awaki. Na zuƙo ta a sirinji, na kama ƙafarsa ta gaba. Abu guda ya tsayar da ni, wato ban san nauyinsa ba, don haka ban san adadin da zan yi masa ba. Sai na kira likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa, dattijo ne da ya yi karatu a sashen likitancin dabbobi na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na tambaye shi yawan ibamektin da ake yi wa kunkuru. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Malam, ka riga ka yi masa?” Na ce a’a, ranka ya daɗe. Ya ce, “To, ajiye sirinjin nan a ƙasa tukuna, sa’annan mu yi magana.”

Bayanin da ya yi mini a wayar har yau ina iya maimaita shi. A jikin tunkiya ko saniya akwai shingen da ke hana wannan magani shiga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi ya sa yake kashe kaska da tsutsa ya bar dabbar lafiya. A jikin kunkuru kuwa maganin yana ƙetarawa, ya shanye masa gaɓoɓi, ya kai ga ya kasa numfashi ya mutu, kuma ko kaɗan aka yi masa yana iya jawo hakan. Likitocin dabbobi sun san wannan tun cikin shekarun 1980, jim kaɗan bayan maganin ya shiga kasuwa. Ni kuma ga ni tsugune da mutuwar dabbar a hannuna, da niyya mai kyau, yaron yana kallona da cikakkiyar amincewa. Da a ce na saba yi wa kunkuru ƙiyasin nauyi da ido yadda nake yi wa raguna, da ban kira kowa ba, kuma da mutanen gidan sun ce dama ciwon ne ya kashe shi, ni ma in yarda da hakan in ci gaba da yi wa wasu. Wannan tunanin ya fi komai tsaya mini a rai, domin kuskuren da ba a gane ba shi ne wanda ake maimaitawa da natsuwa.

Likita ya ce in bar maganar magani gaba ɗaya a ranar, in fara da ɗumi da ruwa. Kunkuru ba ya samar da zafin jikinsa da kansa kamar tunkiya, daga rana da ƙasa yake samu, kuma idan jikinsa ya yi sanyi cikinsa ba ya narkar da abinci, garkuwar jikinsa tana yin rauni, magani ma ba ya aiki yadda ya kamata. Irin wannan kunkuru na yankin Sahel ba ya kwanciyar hunturu kamar wasu ’yan’uwansa na ƙasashen Turai, saboda haka kwanciyar da mutanen gidan suka ɗauka hutun sanyi ce, jinya ce. Muka yanke wayar da filaya, muka fito da shi tsakar gida inda hantsi ke sauka, muka zuba ruwa mai ɗumi a daro daidai inda zai kai masa haɓa ba tare da ya rufe hancinsa ba, muka zaunar da shi ciki. Ya yi kusan minti goma bai motsa ba. Daga nan ya sunkuyar da kai, ya nutsa baki da hanci cikin ruwan, na ga maƙogwaronsa yana motsi a hankali, sau ɗaya, sau biyu, ya ci gaba da sha har na fara tsoron kada ya shaƙe. Inna tana tsaye a kanmu ta riƙe baki ta ce, “Ashe yana shan ruwa?”

Wannan tambaya ta Inna ta sauya yadda nake kallon gidan. Gaskiya tun da na ga wayar nan raina ya ɓaci, har na faɗa wa samarin gidan magana mai zafi wadda daga baya na nemi afuwarsu a kanta. Amma babu mugunta a zuciyar kowa a gidan. Sun taso suna jin cewa kunkuru ba ya shan ruwa, yana iya shekara bai ci komai ba, kuma ƙoƙonsa kamar dutse yake. A kowace daga cikin waɗannan maganganu akwai ɗan abin da ya sa aka yarda da ita, domin kunkuru yana ajiye ruwa a mafitsararsa ya daɗe yana amfani da shi, yana jure yunwa fiye da kowace dabbar gida, kuma ba ya kuka. Akuya idan ta ji yunwa unguwa duka sai ta sani, shi kuwa yana iya shafe watanni yana ƙarewa babu wanda ya ji motsinsa. Da na bayyana wa Inna cewa ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama rufi, akwai jini da jijiya a ciki, kuma ranar da aka huda shi ya ji zafi, sai ta zauna a kan turmi ta yi shiru. Ita da kanta ta kawo hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ta ce, “Ɗana, gaya mini abin da za a yi, ni zan tsaya a kai.” Na lura tun daga ranar cewa faɗan da na yi wa samarin bai ƙara wa kunkurun komai ba, bayanin da na yi wa tsohuwar cikin ladabi shi ya samar masa mai kula.

Kaskar da hantsaki muka cire su ɗaya bayan ɗaya. Raunin ƙafar na wanke shi da ruwan gishiri da aidin da aka sirka, na kuma ga abin da ban taɓa gani ba, domin mugunyar kunkuru ba ta gudana kamar ta akuya, tana da kauri kamar cuku, sai an ƙwaƙule ta. A rana ta uku Likita ya zo da kansa, ya ga ’yar kumfa a hancinsa, ya ce sanyi da danshin lungun sun taɓa masa numfashi, kuma tun da kunkuru ba ya iya tari, majinar da ta taru masa ba ta fita da sauƙi. Shi ya zaɓi maganin da ya dace, ya auna shi daidai da nauyin da muka samu bayan mun saka kunkurun a buhu mun rataye a sikelin wani mahauci, kilo goma sha tara. Ya gargaɗe mu da wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa shi, musamman yara, saboda ƙwayar cutar salmonela da irin waɗannan dabbobi kan ɗauka ba tare da ta dame su ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne jira. Na saba da dabbar da za ka yi wa allura yau, jibi ka dawo ka tarar tana tuƙa. Wannan kuwa ya kwana goma sha shida bai ɗanɗana komai ba, duk da cewa kullum da hantsi yaron yana tsoma shi a ruwan ɗumi, da dare kuma a shigar da shi zaure a kan busasshiyar ciyawa. A mako na biyu ya fitar da wani farin abu mai tsakuwa-tsakuwa cikin daron, yaron ya kira ni a firgice, na kira Likita, shi kuma ya yi hamdala ya ce fitsarinsa ne da ya daskare saboda ƙishirwa, fitowarsa alama ce cewa ruwa ya fara ratsa jikinsa, kuma da an bar shi yana iya dunƙulewa ya zama dutse a mafitsara. Na sayi ƙaramin littafi na ba yaron, muka riƙa rubuta nauyinsa kowace Asabar da abin da ya ci da abin da ya fitar, domin sauyin da ake samu a jikin kunkuru ya yi ƙanƙanta da ido ya riƙe. Ranar da ya fara ci, furen kabewa ne daga wani lambun bakin fadama, ya miƙa wuya ya kama shi ya yaga da ƙafar gaba. Daga nan muka mayar da shi kan abincinsa na asali, wato ciyawa irin su kirikiri da harkiya da guɗeguɗe, ɗanya da busasshiya, da ɗan ganyen zogale da na kabewa, ana barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai da aka dafa saboda sinadarin kalsiyam. Tuwo da shinkafa da ragowar miya muka hana gaba ɗaya. Hasken rana kai tsaye shi ke sa jikinsa ya samar da bitamin D da zai sarrafa kalsiyam ɗin, kuma gefen ƙoƙonsa na baya da na tarar yana lotsawa idan an danna ya ɗauki watanni kafin ya fara tauri.

Da ya murmure sai ɗaya daga cikin samarin ya kawo shawarar a kai shi daji a sake shi, ni ma da farko na ga dacewar hakan. Karatun da na shiga yi a kan wannan dabba shi ya sa na janye. Wannan nau’i shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabara, yana rayuwa a gefen Sahara daga Senegal har Habasha, kuma yana iya haura shekara saba’in. Ya ragu ƙwarai a daji saboda noma da kiwo sun cinye mazauninsa, ana kuma kama shi ana sayarwa, har tun shekarar 2000 yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. Kunkurun da ya shekara ashirin a cikin gida, ya kuma yi ciwon numfashi, yana iya kai wa na daji cuta, sa’annan a gonakin da ke kewaye da mu ba zai kwana uku ba wani zai tsince shi ya kai kasuwa. Saboda haka Inna ta ba da wani fili a bayan gida, nesa da katanga, aka kewaye shi da bulo da aka nutsa cikin ƙasa, gefe guda rana gefe guda inuwar darbejiya, aka binne faranti mai faɗi na ruwa daidai da ƙasa.

A wurin aiki kuwa na sayi sikelin rataye na kaina, na daina ƙiyasta nauyin rago da ido, kuma duk dabbar da ban karanta a kanta ba, ko zomo ne ko tattabara, ba na buɗe kwalba sai na tambaya, ko da mai dabbar zai ga kamar ban san aikina ba.

Cikin watan Afrilu, da zafin bazara ya haura digiri 40, na bi ta gidan na tarar da tarin jar ƙasa a tsakiyar filin. Ya haƙa raminsa, irin wanda danginsa ke fakewa a ciki a daji idan rana ta take. Yaron ya zura dogon kara ya nuna mini zurfin ya wuce tsawonsa, ya buɗe littafin ya karanta mini nauyin Asabar da ta wuce, kilo ashirin da biyu da rabi. Muka zauna a inuwar darbejiya har la’asar ta yi sanyi, sai ga shi ya fito da ƙasa a ka, hujin wayar yana nan a gefen ƙoƙonsa bai cike ba, ya wuce mu ya nufi farantin ruwa.