Albasa ba ta jiran a gama taro

Ni dai sana'ata albasa ce, nan Galmi, kan babbar hanya tsakanin Ƙwanni da Madawa. Ina saye a hannun manoma lokacin cira, wajen Maris zuwa Afrilu, mu jera ta cikin rudu, wato rumbun ajiye albasa, ta sha iska, sai damina ta yi nisa kuɗinta ya tashi sannan mu ɗura a buhu mu loda kamyo zuwa Gana. Yara shida ke aiki tare da ni, masu tsinta da masu ɗinkin bakin buhu, ban da 'yan dako ranar lodi. Wanda duk ya san albasa ya san halinta, ruɓaɓɓiya guda a tsakiyar buhu ta isa ta kashe 'yan uwanta, in kuma ta kwana da yawa ƙarƙashin tampol cikin zafi to sai dai haƙuri.

Ƙanena shi ke riƙe mini littafin lissafi, kuma tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fita daga CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ran 28 ga Janairun 2024 kusan kullum sai mun yi gardama bayan la'asar. Shi cewa yake, Yaya ka manta ne? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kwana huɗu kawai aka yi aka ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyakoki, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, magani ya yi wuya a asibitoci, shinkafa ta yi tsada, to ƙungiyar da za ta iya yi wa talaka haka mene ne amfanin zama cikinta.

Wallahi ban manta ba, ai a jikina na ji. A watan Agustan 2023 ɗin ina da kamyo cike da albasa ya nufi Gaya don ya haye gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, daga nan Togo sai Gana, ya tarar da iyaka a rufe. Direba na kirana safe da yamma yana cewa Alhaji ruwa ya fara tsiyaya daga ƙasan mota. Abin da muka ceto bai kai rabi ba, shi ma a wulaƙance muka sayar, kuma kuɗin mutane ne a ciki, manoman da suka ba ni kaya bisa amana sai da na sayar da shanu biyu na biya su.

Amma abin da nake ce masa, wannan asarar tawa rufe hanya ce ta jawo ta, saboda haka duk abin da zai iya ƙara ƙofa tsakanina da mai saye ina jin tsoronsa, ko wa ya kawo shi. Mali da Burkina da muka haɗa AES da su, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, 'yan uwanmu ne, amma su ma suna noman albasa kuma su ma ba su da teku kamar mu. Masu cin albasar Galmi suna Akra da Kumasi da Abijan da Legas. Tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasar CEDEAO ke shiga wata ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza, da ita babanmu ya je Kumasi ya yi abokan ciniki har muka gada. Yaranmu nawa ne ke sauke buhu a Adjen Kotoku, inda aka mai da kasuwar albasar Akra a 2021, wasu sun yi aure can sun haifi 'ya'ya.

Sai ya ce to ai ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairun 2025 kuma ba a kori kowa ba. Haka ne, CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katinmu, kaya su ci gaba da wucewa har sai an sake sanarwa. Wannan har sai an sake sanarwar ce ke hana ni barci, don ni a Maris nake zuba kuɗi, a Satumba nake ganin riba, ina bukatar in san dokar da za ta same ni bayan wata shida. Sefa dai tana nan tunda ba a fita daga UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da sefa, wannan ya rage mana zafi sosai. Ga kuma harajin 0.5 cikin ɗari da AES ta sa kan kayan da ke shigowa daga waje a Maris 2025, shi yana ganin kuɗin gina ƙungiyarmu ne kuma ba shi da yawa, ni ma ban ce yana da yawa ba, tsorona kar makwabta su ce za su rama a kan namu kayan.

An ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairun 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris, Ƙwanni da Illela suka dawo da rai, amma gadar Gaya ba ta buɗe tare da su ba. Sai dai a bi ta Tera da Dori ta Burkina cikin ayari da rakiyar soja, a jira har motoci su taru, ko a zagaya ta cikin Najeriya, kowace ka ɗauka kwanaki sun ƙaru, gazuwal ya ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, kuma a ƙarshe manomi ne ake rage wa farashi a bakin gona.

A wani wurin na ba shi gaskiya, ko lokacin da muke cikin CEDEAO shingaye ba su taɓa ƙarewa a hanya ba, kuma Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 muna ƙungiya ɗaya. Mutuncin ƙasa da yake magana ni ma ina so, ba na son a riƙa ba mu umarni daga waje. Abin da nake roƙon shugabanni na ɓangarorin biyu su zauna su rubuta maganar zirga-zirgar mutane da kaya a takarda, a sa hannu, mu san inda muka tsaya.

Bana dai rudu huɗu na cika maimakon bakwai da na saba, sauran kuɗin na ajiye, ƙanen nawa ya ce tsoro ya yi mini yawa, na ce masa ya bari mu ga yadda kamyon farko zai isa.