Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Japa Ta Shigo Gidanmu

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin masu haɗari na asibitinmu, aikin jinya na dare, ɗanmu na biyu yana da wata uku. To a wannan ɗakin ne na fara jin kalmar da ta ci mini fuloti.

Wata sista ce Bayarabiya, haifaffiyar Sakkwato, Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Cikin watan Afrilun 2022 ne, wajen ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta, muna rubuta rahoto da fitilar waya, gumi na ɗiga a kan takarda. Sai ta ajiye biro ta ce, "Ni kam japa zan yi." Wallahi na zaci sunan gari ne. Ta yi dariya har sai da wani majiyyaci ya motsa, ta ce Yarabanci ne, ma'anarsa mutum ya tsere ba waiwaye. Wanda ya je ya ga ba ta yi ba ya dawo kuma, shi ya yi japada.

Kafin shekarar ta fita kalmar ta zama tamu, har da 'ya'yan da ta haifa. Ba wanda ke sallama. Mutum zai ɗauki hutun shekara, ya ce zai leƙa ƙauye, bayan mako uku sai ka gan shi a Facebook cikin ƙatuwar rigar sanyi, bakinsa na hayaƙi. Sai mu ce ya tsallake. Wanda biza ta fito masa, an buga masa. Wanda aka hana, an watso shi. In ka ga mutum biyu sun yi shiru da shigowarka, to maganar "hanya" suke yi. Ita sistar ta tsallake cikin sanyin shekarar, jadawalin aikinmu ya koma kamar bakin tsoho, giɓi ko'ina, mu da muka rage muna cike shi da barcinmu.

Da farko ta ƙofa na so shiga. Ma'aikacin jinya da ke son ya yi aikinsa a Ingila sai ya ci jarabawar Turanci, IELTS ko OET, sannan ta kwamfuta da ake kira CBT, in ya isa can kuma ya yi ta gwajin aiki, OSCE. A IELTS ana son maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu. Sau biyu ina shiga motar asuba zuwa Abuja, ta Gusau da Funtuwa da Zariya, kowa a motar ya yi tsit yana jan carbi har a wuce dajin Zamfara. Sau biyun duka rubutu ne ya kayar da ni, maki 6 cif, kamar an auna da mudu. Ni da nake rubuta rahoton majiyyata da Turanci shekara takwas! Har yau in na tuna rabin makin nan sai na ji ɗaci a maƙogwaro.

A nan ne aka fara raɗa mini maganar kiya, wato aikin kula da tsofaffi. A Fabrairun 2022 Ingila ta buɗe bizar aiki ga masu kula da tsofaffi da marasa ƙarfi, Turancin da ake nema bai kai na nas ba, kuma a lokacin kana iya tafiya da mata da yara. Babban abin da ake buƙata a lokacin shi ne takardar da kamfanin da ya ɗauke ka zai ba ka, CoS, mu muna cewa kos. Sai kuma fam 1,270 da za su kwana 28 a asusunka in kamfanin bai tsaya maka ba. Wannan shi ne POF, mu muka sa masa kuɗin nuni, domin yawanci na aro ne, a nuna wa Bature a mayar wa mai shi da ladansa. Nas mai lasisi ya koma wankin tsofaffi, ci-baya ne, na sani. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 albashina ya daina kai mu ashirin ga wata, fam kuwa kullum sai hawa yake. In ka buga lissafi a waya, girman kai sai ya kwanta.

Ban iya ɓoye wa Baba ba. Bayan isha'i na same shi a zaure a kan buzunsa, rediyo a gefe, ƙwaryar fura a gabansa. Na zauna a ƙasa na yi ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama, sannan ya rage muryar rediyo.

"Likita," haka yake kirana in zai zolaye ni, "wagga japa da nika ji bakin yara, mi aka nuhi da ita?"

Na yi masa bayani.

"Awo. To ai ci-rani na. Mu ma mun yi."

Ya yi kuwa. Shekara goma sha ana kai shi Sabon Ibadan a kan buhunan albasa, ya taɓa kaiwa har Kumasi neman goro. Kakansa kuma da ƙafa ya tafi Makka ta Sudan, yana noma a hanya yana tara guzuri, ya dawo da furfura. A gidanmu tafiya ba baƙuwa ba ce. Na fara murna a raina, ashe bai ƙare ba.

"Amma mu da munka tahi, da hadari ya haɗu gabas muna ɗaure kaya. Damana ka maido mu. Kai wace damana za ta maido ka?"

Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Na ce shekara uku ko biyar in tara abin da zan tara. Ya ce waɗanda suka riga ni, nawa suka dawo? Na yi shiru. Ya ce ɗiyana da wane harshe za su gaishe shi? Nan ma shiru. Bai ce je ka ba, bai ce kada ka je ba. Ya ƙara muryar rediyo, na tashi na ba shi wuri.

Inna tata damuwar daban. Ita ba tafiyar ta ƙi ba, alƙiblar ce ba ta yi mata ba. "In tahiya ta, ka tahi gabas mana, ko ba komi ka yi sallah Harami." Na ce Saudiyya ma suna ɗaukar ma'aikatan jinya, amma ta tuna da 'yar ƙanwarta. Yarinyar nan ejan ya kai ta aikatau, ta dawo bayan shekara biyu da bakin Larabci da ciwon baya. A wurinta muka koyi igama, takardar zama, da kafili, uban gidan da zamanka ke hannunsa, da hurub, wato ya kai ƙara cewa ka gudu, daga ranar ka zama abin farauta. Ƙarshenta a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida, ta kwana kafin a sako su a jirgi. Inna ta ce wannan ƙaddararta ce. Mu Hausawa mun daɗe da namu kalmomin, takari da kano-jidda da sauransu, ba mu dai taɓa jin sun yi ƙamshi irin na japa ba.

Abin da ya ingiza ni shi ne sanarwar farkon Disamban 2023, cewa Ingila za ta hana masu kiya tafiya da iyali. Daga baya aka sa ranar, 11 ga Maris 2024. Wayoyi suka ɗau zafi. Wani abokin aiki ya haɗa ni da ejan, muka haɗu a wani gidan abinci kusa da Gawon Nama. Saurayi ne fes, shadda mai maiƙo, turare tun daga ƙofa, wayoyi biyu a kan tebur. Bai ci komai ba, ruwan roba kawai ya sha. Ya riƙa tura hotuna da babban yatsa: wannan na buga masa, wannan ma, wannan yana Manchesta da matarsa. Ya nuna mini kos ɗin wani, ya rufe sunan da farce. Ya ce saura gurbi biyu, rabin kuɗi yanzu, rabi in takarda ta fito, kuma da fam yake lissafi, ba ruwansa da naira.

Na ce na ji an ce kos ba kayan sayarwa ba ce, kamfani ne ke bayarwa. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ruwa ma Allah ya ba da shi kyauta, amma ɗan garuwa ba ya turo kura a banza." Na yi dariya. Ina ma ban yi ba.

Maiɗakina ta kwance ɗan ƙunshinta ta ba ni sarƙa da 'yan kunnen aurenta, ba ta ce uffan ba, sai dai ba ta dube ni ba. Bai isa ba. Saura fulotina na Arkilla, wanda takardunsa ke cikin akwatin ƙarfen Baba tun ranar da na saya. Kwana huɗu ina zuwa gaisuwa ina kasa tambaya. A rana ta biyar da safe ƙanena ya tsaya da kabu-kabunsa a ƙofar gida, ya miƙo mini baƙar leda. Takardun ne, an ɗaure da zaren buhu. Ya ce Baba ya ce a ba ni, bai ƙara da komai ba.

Dillalai sun san mai sauri in sun gan shi, suka taya yadda suka ga dama, na sallama. Ranar Alhamis na tura rabin kuɗin. Ranar Asabar ejan ya turo mini sunan kamfanin da garin da zan zauna, da hoton wani gida mai jan bulo da furanni a bakin taga. Don murna na tura wa sistar nan tamu, na rubuta mata cewa ta shirya tarbar baƙi.

Ba ta amsa da rubutu ba, kira ta yi. Ina jin ƙarar motar bas a bayanta. Ta ce in sake karanta mata sunan kamfanin a hankali. Na karanta. Ta yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sannan ta ce akwai wasu 'yan Najeriya uku da ke kwana a falon wata ƙawarta, biza lafiya lau, an buga musu, amma wata na huɗu ke nan ba a ba su aikin shif ko ɗaya ba, kuma tana jin sunan da suke ambata ke nan.

"Bari in tabbatar in na tashi aiki," in ji ta. "Amma don Allah kada ka ba kowa ko sisi tukuna. Ba ka biya ba dai, ko?"

Abin da na ce mata, da abin da ta gano a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.