Hannun Kawu da tsutsotsin da na yi kiwo

Kawuna maɗinki ne na aikin hannu, irin waɗanda ke zama a soro da babbar riga a cinya suna fitar da aska takwas da allura da zare. Tun ina ƙarami nake kallon hannun nan nasa, shi ya sa ni na fara lura da ya soma rawa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba a kan aiki yake rawa ba, sai in ya ajiye shi a gwiwa yana hutawa, babban yatsa da manuni su riƙa murza juna kamar mai jan carbi. Daga baya takunsa ya gajarce, fuskarsa ta daskare ko da ransa fari ne. A unguwa aka ce tsufa ne, wata gwaggonmu ta ce iska ce. Likitan da muka samu gani ya ce cutar karkarwa ce, wadda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817 har ake kiran ta da sunansa. Ya yi mana bayani cewa ƙwayoyin jijiya masu samar da sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma maganin levodopa da ya rubuta cike giɓin dofamin yake yi, ba ya tsayar da mutuwar.

Wannan maganar ta ƙarshe ita na tafi da ita lokacin da na fara digiri na biyu a nan Kano. Na faɗa wa malamar da ke duba aikina cewa ina son abin da ya shafi ciwon Kawu. Ina tsammanin ɓeraye za ta ambata. Sai ta miƙo mini wani ɗan faranti na roba, ta ce, "Ɗora a ƙarƙashin madubi ka gaya mini abin da ka gani."

Da ido ban ga komai ba sai wani abu kamar daskararren koko. A madubin kuwa, wanda ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ga tsutsotsi nan birjik, farare tas, suna tafiya kamar macizai suna barin sawu a baya. Sunan tsutsar Caenorhabditis elegans, tsawonta wajen milimita 1 ne, kuma a ruɓaɓɓun tsirrai take rayuwa tana cin bakteriya. Ba irin tsutsar ciki ba ce, ba ta kama mutum. Na tambayi Malama abin da duk wanda na ba labari yake tambayata har yau: me ya haɗa tsutsa da ƙwaƙwalwar ɗan Adam?

Amsar tana cikin ƙanƙantarta. Babbar tsutsa, irin mai haihuwa ita kaɗai ba tare da namiji ba, ƙwayoyin jikinta 959 ne cif, 302 daga ciki na jijiya, kuma kowace ɗaya an san sunanta da mazauninta. Tun 1986 aka fitar da taswirar yadda jijiyoyin suke haɗe da juna. Jikinta garau yake, ana hango cikinta tana raye. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 3 ne, tana haifar 'ya'ya wajen 300, ta tsufa ta mutu cikin mako biyu zuwa uku. Ga mai binciken ciwon da ke zuwa da tsufa wannan ba ƙaramar kyauta ba ce, don tsufan da za ka jira shekara biyu a ɓera, a nan kafin wata ya ƙare ka gan shi. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta a Kambrij, ya wallafa aikinsa na farko a kanta a 1974, kuma a 2002 shi da John Sulston da Robert Horvitz suka karɓi kyautar Nobel saboda abin da tsutsar ta nuna game da yadda jiki ke ginuwa da yadda ƙwaya ke mutuwa bisa tsari. A 1998 ta zama dabba ta farko da aka karanta dukan kundin gadonta, aka kuma tarar da yawa daga ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cututtukan mutane suna da 'yan'uwa a jikinta.

Abin da ya fi kama ni shi ne lamba 8. Ƙwayoyin jijiyarta masu dofamin guda 8 ne kacal, 6 a kai, 2 can wajen baya. Ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Iri biyu muka yi aiki da su, asalinsu daga cibiyar da ke adana ire-iren tsutsar a Jami'ar Minesota ta Amurka. Na farko an sa wa jijiyoyin dofamin ɗinsu furotin mai ƙyalli kore, dabarar da Martin Chalfie ya fara nunawa a wannan tsutsa a 1994. Na biyu an dasa musu furotin ɗan Adam mai suna alfa-sinukilin a tsokar jiki, wanda shi ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu ciwon Kawu. Tsutsar ba ta da nata, don haka duk dunƙulen da ka gani namu ne. Yayin da take tsufa dunƙulen na ƙaruwa, motsinta na raguwa.

Amma kafin bincike sai da na koyi kiwo, kuma kiwon ya ci mini watanni. Ana ɗaukar tsutsa da siririyar wayar filatinum da aka daddale bakinta, a ƙona ta a wuta kafin kowace ɗauka. Makon farko na fi huda abincin da ke farantin fiye da ɗaukar tsutsa, su kuma da sun ga rami sai su nutse ciki. Da hunturu ya shigo, ƙura ta kawo mana fumfuna, faranti bayan faranti ya yi gashi. Na koyi wanke su da ruwan bilic da soda, wanda ke narkar da uwar da duk wani datti ya bar ƙwai kawai, a fara sabon zubi masu shekaru ɗaya.

Babban abokin gabarmu zafi ne. Tsutsar nan a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos take jin daɗi, tana jure 15 zuwa 25, abin da ya haura haka haihuwarta ta fara lalacewa. Kano kuwa a watan Afrilu kowa ya san 40 ba baƙo ba ne. Wata Juma'a aka ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, na dawo ranar Litinin na buɗe akwatin sanyaya su na ji ɗumi ya bugi fuskata. Aikin mako shida ya tafi. Na zauna a ƙasa na daɗe ban ce komai ba. Abin da ya cece mu wani tsohon faranti ne da na bari a wani ɗaki mai sanyi, abincinsa ya ƙare tuntuni. In yunwa da cunkoso suka matsa wa ƙananan tsutsotsin, sukan shiga wani hali na daina ci da rufe baki, su yi watanni a haka. Na yanko ɗan gefen farantin na ɗora a sabon abinci, cikin kwana biyu suka farfaɗo.

Bayan wannan na je na sayo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, na sa ɗaya cikin ɗaya, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na rufe da tsumma mai laima. Dabarar Mohammed Bah Abba ce, malamin nan na Jigawa da ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda adana kayan lambu da ita. A rani, lokacin da iska ta bushe, tana aiki sosai. Sai dai Malama ta ja mini kunne: tukunya ta tsare rai ce kawai, ba a gwaji a cikinta, don zafin cikinta hawa da sauka yake yi, tsutsa kuma saurin girmanta da motsinta duk zafi suke bi.

Gwajina na kan wani ganye ne da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, wanda mutane da dama suka ba Kawu shawarar ya sha. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada wani ya karanta rabin labari ya tafi saye. Nakan zuba ruwan ganyen a abincin rukuni ɗaya, ɗaya rukunin a bar shi haka. In sun kai kwanakin da muka tsara, sai in ɗauki tsutsa ɗaya in sa a ɗigon ruwan gishiri, in ƙirga sau nawa ta lanƙwasa jiki cikin daƙiƙa 30. Da ɗan ƙirgau na yatsa irin na tasbihi nake ƙirgawa, idona a madubi. Sakamakon farko ya yi kyau ƙwarai, waɗanda suka ci ganye sun fi kuzari nesa ba kusa ba. Daren nan ban yi barci ba, har na fara tsara yadda zan faɗa wa Kawu.

Malama ta duba takardar, ta tambaye ni abu ɗaya: "Lokacin da kake ƙirgawa, ka san wane faranti ne wane?" Na ce na sani, ai ni na rubuta sunayen. Ta karɓi farantan zubi na gaba, ta liƙe sunayen, ta sa musu lambobi, ta jefa takardar sirrin a jakarta. Na sake ƙirgawa ban san komai ba. Da aka buɗe, bambancin ya zube, saura ɗan kaɗan. Ban yi ƙarya a karon farko ba, Allah ya sani. Amma akwai lanƙwasar da ba ta cika ba, wadda mai ƙirga ne ke yanke hukunci a kanta, ni kuma yatsana ya riƙa dannawa ga waɗanda zuciyata ke so. Ina kallon tsutsa ne ina ganin hannun Kawu.

Ɗan bambancin da ya rage ma bai tsira ba. Mun lura shimfiɗar bakteriya a farantan ganye ta fi siriri, wato ganyen yana kashe abincin. An daɗe da sanin cewa rage wa tsutsar nan ci yana tsawaita ranta, yana kuma jinkirta dunƙulewar furotin. Da muka maimaita da bakteriyar da aka riga aka kashe da zafi, kowa abincinsa daidai, ban samu abin da zan tsaya a kai ba. Haka na rubuta a kundina, kuma ina ganin shafin nan ya fi duk sauran amfani. Ko da ganyen ya yi aiki ma, tafiyar da sauran nisa: tsutsa ba ta da hanta irin tamu, ba ta da jini mai zagayawa, fatarta kuma tana tare magani har sai an zuba mata mai yawa. Tambaya take taimaka maka ka tace, kafin a je ga ɓera, kafin a je ga mutum.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da muka samu aron madubi mai hasken ƙyalli. A ɗaki mai duhu na ga jijiyoyin dofamin huɗu sun miƙe kore shar daga kan tsutsa zuwa bakinta, kamar zare huɗu da aka ja a kan baƙin yadi. Sannan na duba waɗanda muka jiƙa a gubar da masu bincike ke amfani da ita don lalata waɗannan jijiyoyi. Zaren ya tsittsinke, ya zama ɗigo-ɗigo, wani ya ɓace gaba ɗaya. Lafiyayyar tsutsa in ta shiga cikin abinci takan rage gudu, kuma dofamin ne ke sa ta yin haka. Waɗannan kuwa wucewa suke yi kamar ba su ji komai ba. Shekara uku ina jin likita na cewa ƙwayoyi na mutuwa, sai ranar na gani da idona.

Tun daga nan hankalina ya koma kan guba maimakon ganye. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya danganta maganin ciyawa na farakwat da maganin ƙwari na rotenon da ƙarin haɗarin wannan ciwo, kuma Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007. Ni kuwa na sha ganin samari a gonakin rani wajen Kura da Kadawa suna feshi da tanki a baya, ba takunkumi, ba safar hannu, ruwan na zuba a rigarsu. Abin da nake son in auna ke nan a gaba, in Allah ya ba ni iko da wuta mai tsayawa.

Na kai wa Kawu hoton bidiyon tsutsar a waya. Ya riƙe da hannun da ba ya rawa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah. To ɗana, an samo maganin?" Na ce, "Ba a samu ba, Kawu. Ganyen nan ma da ake cewa ka sha, ban ga ya yi komai ba. Ka dai riƙe na likita a kan lokaci." Ya gyaɗa kai, ya ce dama ɗacinsa ya ishe shi, ya sa mini albarka. Da safe, in magani ya kama shi, hannun yakan lafa na ɗan lokaci har ya yi ɗinki, zura zare ne dai ya gagare shi. Kafin in tafi na zura masa allura goma, na soke su a jere a jikin matashin da ke gefensa.