Laraba, ni da Ummi da kalmar "sink"

Yau bayan la'asar Ummi, 'yar yayata, ta shigo da littafin Turancinta, don jarabawar WAEC ta matso. Kalma ɗaya ce ta tsaya mata a wuya: "sink". Malaminsu ya ce nutsewa take nufi, ta kuma haddace "sink, sank, sunk" tsaf. Jimlar farko ba ta ba ta wahala ba, labarin jirgin Titanic ne da ya nutse a Tekun Atlantika a 1912. Ta biyun ce ta ɗaure mata kai: "My heart sank."

"Kawu, ita zuciya a wane ruwan za ta nutse?"

Na ce mata, ranar da aka bugo waya aka ce an kwantar da Hajiya a asibiti, me kika ji? Ta yi shiru, can ta ce, "Gabana ne ya faɗi." Na ce to kin ba da amsa. Mu gabanmu ke faɗuwa, su zuciyarsu ke nutsewa. Yadda fuskarta ta washe ya biya ni wahalar yinin nan.

Daga nan muka rarrabe sauran. Jirgi da dutse su ke "sink". Mutumin da ruwa ya ci har ya rasu, "drown" ake cewa. Wanda ya yi nutso da ganganci kamar yaran bakin rafi, wannan "dive" ne, kuma daga nan 'yan gidan kallon ƙwallo suka samo "daibin" ɗinsu, idan ɗan wasa ya zube ba a taɓa shi ba.

Bayan isha'i na fita tsakar gida, na haska bokitin da na jawo daga rijiya da yamma. Ɗazu jajir yake. Yanzu laka duk ta kwanta a ƙasa, ruwan ya yi garau. Sai "nutsuwa" ta faɗo mini a rai. A Turanci mai nutsewa galibi yana cikin wani hali, ko bashi ko baƙin ciki. Mu kuwa idan muka yabi yaro cewa muke ya nutsu, kuma a kunnena 'yan gida ɗaya ne da nutsewa. Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan.

Ban taɓa bokitin ba. Gobe da safe kafin ta wuce makaranta zan kira ta ta gani.