Neman diyyar ciwon da tsohon raunin soja ya haifar a Amurka

Gwiwata ta dama ce hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka, VA, ta amince a bakin aiki ta lalace. Daga baya ƙugun hagu ya soma ciwo saboda ɗingishi, ƙwannafi kuma ya matsa mini saboda naproxen da nake sha don gwiwar. Ba a soja na same su ba, amma doka ta 38 CFR 3.310 ta ce a biya diyyar duk ciwon da raunin da aka riga aka amince da shi ya haifar ko ya tsananta.

Na fara da fom 21-0966 na sanar da niyya. Yana riƙe wa mutum ranar da za a fara lissafa masa kuɗi har shekara ɗaya, ya tara takardu a natse. Fom ɗin neman kansa 21-526EZ ne, kuma na rubuta kowane ciwo da sunan da likita ya ba shi, haɗe da raunin da ya jawo shi. Fom 21-4142 shi ke ba su izinin karɓo bayanai daga asibiti mai zaman kansa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wasiƙar likita mai haɗa ciwon biyu. Takardar da ta ce "mai yiwuwa" ba ta da nauyi. Ana so likita ya ce ya duba fayil ɗin, ya kuma rubuta cewa yiwuwar alaƙar ta kai kashi 50 cikin ɗari ko fiye, domin idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Sannan ya kawo dalili. Nawa ya bayyana yadda tafiyata ta karkace, nauyi ya koma ƙafar hagu, ya ambaci hoton ƙashi da tarihin magungunan da aka rubuta mini. Ku roƙi likita ya yi magana a kan haifarwa daban, tsanantawa daban, don tambayoyi biyu ne. Idan tsanantawa ce, sai an nuna matsayin ciwon kafin ya ƙaru, saboda ƙarin kaɗai ake biya, don haka tsofaffin takardun asibiti suna da daraja ƙwarai.

A gwajin C&P, wato duba lafiyar da VA ke shirya wa mai neman diyya, ana auna lanƙwasar gaɓa da ma'auni. Tarbiyyar soja ta cije ciwo tana cutarwa a nan. Ku faɗi daidai inda zafi ya fara, ku kwatanta ranakun da ciwon ke tashi: sau nawa, tsawon yaya, me yake hana ku yi. Kada a ƙi zuwa ba sanarwa.

VA tana ba kowane ciwo kason naƙasa cikin ɗari, amma lissafinsu ba tarawa ba ne. Mai kashi 50 da ya sami sabon 30, ana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari ne na 50 ɗin da ya rage, wato 15; ya zama 65, a cika shi zuwa 70.

Idan VA ta ƙi, akwai shekara ɗaya ta neman a sake dubawa kafin ranar fara lissafin kuɗi ta kuɓuce. Wasiƙar hukuncin tana faɗin abin da ya gaza. In hujja ce babu, fom 20-0995 tare da sabuwar hujja; in kuskure ne wajen duba fayil, 20-0996, wanda ba ya karɓar sabuwar takarda. Wakilan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na DAV da VFW suna taimakawa da duk wannan kyauta.