Faifan aro na Jacques Brel

Shekara tara ke nan faifan yana hannuna, kuma na aro ne. Malamar da ta koya mini Faransanci a ajin yamma ce ta miƙo mini shi, ranar da ta gaji da yadda nake cinye harafin r kamar mai tauna da bakin ciwo. Ta ce, "Ka je ka saurari wannan mutumin sati biyu, ka dawo mini da abina." Sati biyun bai cika ba aka yi mata canjin wurin aiki, muka rasa juna. Malama, in Allah ya sa wannan ya iso gare ki, faifanki yana nan. Murfin ne kawai ya tsage ta gefe, na liƙe shi da salatif.

Sunansa Infiniment. Faifai biyu ne, waƙa 40, an fitar da shi a 2003, lokacin da mawaƙi Jacques Brel ya cika shekara 25 da mutuwa. A da ba na ganin irin waɗannan faifan na "zaɓaɓɓun waƙoƙi" da daraja. Ina ɗaukarsu dabarar kamfani ce ta sayar da tsohon kaya a sabon kwali. Wannan ne ya sa na janye maganata, ko da yake ba duka ba, zan zo wurin.

Sauraren farko bai yi mini daɗi ba. Faransancina a lokacin bai wuce na gaisuwa da tambayar hanya ba, ga mutum yana ta zuba kamar an kunna famfo. Abin da ya fara kama ni numfashinsa ne, tun kafin in san me yake cewa. Yakan fara waƙa a hankali, kamar mai ba ka labari a kunne, sai ya dinga hawa, yana hawa, har ka ji kai ma ka riƙe numfashi ba ka sani ba. 'Yata ta shigo wata rana ina tsakiyar "Amsterdam", ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, wannan waƙa yake yi ko faɗa?" Na ce mata duka biyun.

Waƙar ta "Amsterdam" tana da wani abin mamaki: Brel bai taɓa ɗaukarta a situdiyo ba. Wadda duniya ta sani ita ce wadda aka ɗauka yana kan dandamalin Olympia a birnin Faris, a watan Oktoba na 1964. Ba ta da amshi. Akodiyon ne ke buɗe ta a sanyaye, shi kuma ya shiga lissafa ma'aikatan jirgin ruwa a tashar jiragen Amsterdam, masu barci, masu cin kifi, masu rawa, masu shaye-shaye, har ta ƙare da kuka. Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ce. Yana rufe baki sai zauren ya ɓarke da tafi, kuma tafin yana nan a cikin faifan. Ban taɓa tsallake tafin ba, ina jin kamar rashin kunya ne in yanke shi.

Da Faransancin ya ɗan zauna, sai na koma da ƙamus. Nan ne na gane ashe mutumin ɗan iska ne a baki, mai zambo na ƙarshe, kuma zambon nasa kullum kansa yake dawowa. Ɗan Beljiyam ne, an haife shi a unguwar Schaerbeek ta Brussels ranar 8 ga Afrilu, 1929. Mahaifinsa yana da hannu a wata masana'antar kwali, kuma an riga an shirya masa kujera a can. Ya yi aikin na 'yan shekaru, ya yi aure, ya haihu, sannan a 1953 ya ɗauki jitarsa ya tafi Faris. Saboda haka masu ƙumbar susa da yake yi wa ba'a ba daga nesa ya hango su ba. Danginsa ne, a teburinsu ya ci abinci.

"Les Bourgeois" misali ce. Samari uku ne ke zama a mashaya suna jiran manyan gari su fito daga otal su yi musu waƙar tsiya. Baiti na ƙarshe sai ga su ukun sun tsufa, su ne manyan garin, suna gaban ɗan sanda suna kai ƙarar wasu yara marasa kunya da ke yi musu waƙar nan dai. Ranar da na fahimci wannan juyin na yi dariya ni kaɗai, sai kuma dariyar ta koma ciki, don a satin nan na gama yi wa wani ƙaramin ma'aikaci faɗa a kan abin da ni ma na yi a shekarunsa. Laifi tudu ne.

Amma wadda na fi daɗewa a kanta ita ce "Ces gens-là". Na saurare ta da abin kunne, dare ya yi tsaki, na mayar da ita baya ya fi sau goma. Fiyano ne ke maimaita wani ɗan bugu mai nauyi, ba ya gaba ba ya baya, kamar mai tafiya da ƙafa ɗaya a laka. Mai magana yana zaune da wani baƙo yana fasa masa kwan wani gida: babban ɗan mashayi ne, na biyun mai son a ce masa mai kuɗi alhali ba ko sisi, uwar ba ta cewa komai, kakar tana rawar jiki kowa na jiran ta mutu don ita ke da dukiyar. Har ƙarar kurɓar miyarsu Brel yana kwaikwaya da bakinsa, ka ji ta a kunnenka kamar kana teburin. Kana cikin jin daɗin gulmar nan sai ya ambaci sunan Frida, 'yar gidan, sai kaɗe-kaɗen duka su tashi lokaci ɗaya kamar an buɗe taga. Ashe son yarinyar yake yi, danginta suka ce bai isa ba. Duk zagin nan na mai ciwo ne. Sai kiɗan ya sake sauka, ya koma bugun farko, mutumin ya ce dare ya yi, gida za shi. Ba zai ɗauke ta su gudu ba, shi ma ya sani. A nan ne tsigar jikina take tashi kowane lokaci, ba a wurin ihun ba.

Irin wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. François Rauber ne ke tsara masa kiɗa, Gérard Jouannest kuma ke kan fiyano, sun yi shekaru tare. A "Vesoul" ta 1968 har za ka ji Brel yana kiran sunan mai akodiyon, Marcel Azzola, yana zuga shi ya ƙara wuta, kuma aka bar zugar a cikin faifai.

"Ne me quitte pas" ta 1959 kowa ya san ta, ko wanda bai san Brel ba ya ji ta a bakin mawaƙiyar Amurka Nina Simone. Ba zan daɗe a kanta ba. Shi da kansa ya ce ba waƙar soyayya ba ce, waƙa ce a kan ragwantar namiji, kuma na yarda da shi: mutumin da ke roƙon a bar shi ya zama ko inuwar karen gida ai ya gama zubar da kansa. Ina girmama ta, amma ba ita nake nema ba in na gaji. "Le plat pays" nake nema, wadda ya yi wa shimfiɗaɗɗiyar ƙasarsa da ba ta da dutse sai hasumiyar coci, baiti huɗu, iska huɗu, kowane baiti da kusurwar da iskarsa ke fitowa. Ban taɓa taka Beljiyam ba, amma na san nauyin sararin samaniyarta.

Ga inda nake da ja. Na farko, yadda yake magana a kan mata a wasu waƙoƙin ba adalci. Ko dai mayaudara ne, ko kuma ba sa zuwa, kamar Madeleine, ta waƙar mai wannan suna, da ake jira da furanni kullum. Abokai maza ne kaɗai ke samun tausayinsa cikakke. Na biyu, waɗanda suka haɗa faifan ba su jera waƙoƙin bisa shekaru ba, kuma a ganina nan suka yi asara. Sai na kwashe su zuwa waya na jera da kaina, daga ta farko zuwa ta ƙarshe.

Da na yi haka sai abin ya zama tarihin mutum ɗaya a cikin awa biyu da wani abu. Ga saurayi mai tsabtar zuciya da ke wa'azin ƙauna, wanda mawaƙin Faransa Georges Brassens ke tsokana da sunan limamin coci. Ga na tsakiya, mai zufa da haƙora, wanda wasu shekarun yakan hau dandamali kusan sau 300, kuma in ya gama ya gama, komai tafi ba ya dawowa ya ƙara. Yana kan ganiyarsa ya ce ya daina: ya yi bankwana da Olympia a 1966, ya yi wasansa na ƙarshe a garin Roubaix na Faransa ranar 16 ga Mayu, 1967, yana da shekara 38. Ya koma fim, ya koyi tuƙin jirgin sama, ya sayi jirgin ruwa mai suna Askoy. A 1974 aka gano yana da sankarar huhu, aka yanke wani sashe na huhunsa. Duk da haka ya ci gaba da tafiya a teku har tsibirin Hiva Oa a cikin tsibiran Marquises, can tsakiyar tekun Fasifik, inda ya zauna yana jigilar wasiƙu da marasa lafiya da ɗan jirginsa na sama. Jirgin ya sa masa suna Jojo, sunan amininsa Georges Pasquier da ya riga shi mutuwa.

A 1977 ya dawo Faris ya ɗauki faifansa na ƙarshe. Waƙoƙi biyar daga wannan zaman an ajiye su ba a fitar ba, sai a Infiniment suka fito. Na saurare su, kuma na ga dalilin da ya sa aka riƙe su, ko da yake "Avec élégance" ta shiga raina. Muryar 1977 ba ta hawa kamar da. Ya san iya numfashin da ya rage masa, yana kashe shi da lissafi. A "Jojo" mutum ne zaune a bakin kabarin abokinsa yana yi masa hira. A "Les Marquises" kuwa kamar ma ba ya son ya tashi kowa daga barci.

Ya mutu ranar 9 ga Oktoba, 1978, a Bobigny kusa da Faris, yana da shekara 49, aka mayar da shi Hiva Oa aka binne a maƙabartar Atuona, 'yan taku kaɗan daga kabarin mai zane Paul Gauguin. Bana na girme shi da shekara biyu. Jiya da dare na sake jin jerin nawa tun daga farko, 'yata na gefe tana aikin makaranta. Da aka zo ta ƙarshe ta ɗago kai ta ce, "Baba, shi ne mai faɗan nan?" Na ce shi ne. Ta ce in ƙara murya, ba ta ji sosai.