Idan Layin Waya Ya Cinye Maka Kati, Ga Ƙofar Da Ake Bugawa

Yawancin ƙorafin layin waya a Katsina a majalisa yake mutuwa. Mutum ya sa katin dubu da safe, kafin la'asar ya koma ɗari shida bai kira kowa ba, sai a yi Allah ya isa a bakin shago a Ƙofar Guga, kowa ya kama gabansa. Alhali akwai hukumar da aikinta ke nan, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, dokar sadarwa ta 2003 ta ƙara mata ƙarfi. Amma ba ita ce zangon farko ba, kuma rashin sanin haka ke kashe ƙorafi da yawa.

Kafin ka ɗaga murya, duba wayarka. Tun 2023 aka haɗe gajerun lambobi, duk layuka iri ɗaya suke amfani da su: *310# don ganin ragowar kati, *323# ragowar data, *305# kuma don tsare-tsaren da ke cire kuɗi kullum ko duk mako, irin waƙar mai kira da saƙonnin hasashen ƙwallo. Sau da yawa nan ɓarawon yake. Yaro ya taɓa wani talla a wayar babansa, shi ke nan an shiga. Ka soke su, sannan ka aika STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. Data kuwa ba kullum sata ba ce: manhajoji na sabunta kansu cikin dare, bidiyon Facebook na tashi ba a taɓa ba. Mutanen Kongolam, Mai'adua da Jibiya suna da tasu matsalar daban. Waya kan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar, a caje ka kuɗin ƙasar waje kana zaune a ɗakinka. Maganinsa ka shiga saitin waya, ka cire zaɓin sabis daga mai zaɓar kansa, ka zaɓi kamfaninka da hannu.

In ka tabbata an ci haƙƙinka, kira 300, layin kai ƙorafi na kamfanin wayarka, ko ka je ofishin kamfanin. Faɗi rana, lokaci da adadin da aka cire, kada ka goge saƙon da ya zo. Abu mafi muhimmanci: kar ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi, ka rubuta ta. Ita ce shaidar ka bi ta kamfani. Idan suka yi shiru, ko amsarsu ba ta gamsar ba, sai 622, layin NCC na kyauta, kuma lambar ƙorafin nan za a nema a hannunka. Wanda ya kira ba shi da ita, baya za a mayar da shi. Wani tarnaƙin shi ne layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani, kamar matar da ke riƙe da layi da sunan ƙanenta. A wurin kamfani, mai sunan ne mai layi, shi za a saurara.

Wannan matakala ba ta talaka kaɗai ba ce. Doka ta ce masu rigima su fara zama su sasanta, sai abin ya gagara hukuma ta shiga. Wanda hukuncinta bai yi wa daɗi ba yana iya neman dalilanta a rubuce, ya nemi ta sake dubawa, daga nan ne zai nufi Babbar Kotun Tarayya. Kamfanonin su ma suna cacar baki a kan kuɗin haɗa kira, wato abin da layin mai kira ke biyan layin da aka kira. A Janairun 2024 NCC ta amince a hana masu Glo kiran MTN saboda irin wannan bashi, sannan ta dakatar da matakin na kwana 21, aka daidaita ba a katse kowa ba.

Rigimar bankuna da kamfanonin waya a kan USSD, wato lambobin da ake dannawa a waya don tura kuɗi ba da data ba, ta fi shafar 'yan kasuwa da masu POS. Shekaru ana jayayya kan wanda zai biya naira 6.98 na kowane amfani. Tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cire ta. Saboda haka a bambance: in wannan cajin ne aka cire ba daidai ba, kamfanin waya za ka kama, in kuɗin da ka tura ne suka maƙale, wannan na banki ne, bayansa Babban Bankin Nijeriya.

NCC tana da haƙora. A 2015 ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka miliyan 5.2 marasa cikakkiyar rajista, dubu 200 kowane layi, daga baya aka tsaya a biliyan 330. A ganina ta fi kaifi a irin waɗannan manyan lamura, ƙananan kuwa sai mai naci da shaida a hannu. Akwai kuma inda 622 ba ta da ta cewa, kamar katse sabis da aka yi a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a Satumbar 2021, su Batsari, Safana da Faskari, domin shawarar tsaro ce daga gwamnati.

Wanda ya gaji da kamfani kuma yana iya ƙaura da lambarsa, tsarin da aka fara a 2013. Ka je ofishin sabon kamfanin da shaidarka, ka cike takarda, ka aika PORT zuwa 3232. Ka cinye katinka da datarka tukuna, don ba sa bin ka.